Sulhun gado a kotu: yadda ake zartar da shi da inda ikon alƙali ya tsaya

Idan magada suka sasanta a kan gida ko gona, alƙali ya karɓi takardar sulhun ya mayar da ita hukunci, da yawansu suna fita daga kotu da tunanin cewa duk rigimar da ta taso nan gaba shi zai warware ta. Ba haka dokar take ba. Daga ranar da ya yanke hukuncin, aiki ɗaya ya rage masa, wato ya tilasta a cika abin da aka rubuta. Ba ya ƙarawa, ba ya ragewa, gurbin da kuka bari kuma ba zai cike muku ba, ko da ya ga inda gaskiya take. Shi ya sa rabin aikin zartar da sulhu tun a wajen rubuta shi ake yin sa. Bayanin da ke tafe ya shafi kotunan Najeriya, musamman jihohin Arewa inda ake raba gado bisa mazhabar Malikiyya.

A fara tabbatarwa sulhun ya zama hukunci

Sulhun da aka yi a gaban mai unguwa, ko a fadar hakimi, ko a ofishin Hisbah, ko a zauren gida gaban dattawan dangi, yarjejeniya ce mai ƙarfi, amma ma'aikacin kotu ba zai ɗauke ta ya je ya fitar da kowa daga gida ba. Wanda aka saɓa wa sai ya shigar da ƙara, ya kawo takardar a matsayin hujja. Haka ma idan ƙara tana gaban kotu aka fita aka sasanta, mai ƙara ya dawo ya ce "mun daidaita, na janye": an kori ƙara ke nan, babu hukuncin da za a zartar. Mutane da yawa a nan suke faɗawa.

Hanyar da ta dace ita ce a rubuta sharuɗɗan, kowane magaji ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, a shigar da takardar cikin fayil ɗin ƙarar, sannan kowa ya bayyana gaban alƙali ya faɗa da bakinsa cewa ya yarda, a roƙi kotu ta mayar da ita hukuncinta. Wanda ba ya karanta harshen da aka yi rubutun da shi, a karanta masa da Hausa, a rubuta sunan wanda ya fassara. Tun a 1974, a shari'ar Woluchem da Wokoma, Kotun Ƙoli ta bayyana cewa hukuncin sulhu ba ya tabbata sai ɓangarorin sun haɗu a kan magana ɗaya da yardar kansu, alƙali ba zai ƙaƙaba musu sharaɗin da ba su amince da shi ba. Bayan an yanke, a biya kuɗin kwafin hukunci mai hatimin kotu, a zauna a gwada shi da takardar da aka sa wa hannu layi bayan layi. Abin da ke cikin kwafin nan shi za a zartar, ba abin da kowa ya tuna an faɗa ba.

Rubutun da za a iya zartarwa

A ɗauki misali. A ce mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza 2 da mata 3, babu iyaye, kuma bayan an fitar da kuɗin jana'iza da bashi da wasiyya, abin da ya rage gida ne da aka yi wa kuɗi naira miliyan 40. Za a kasa gadon kashi 8: matar tana da tumuni, kaso 1; kowane namiji kaso 2; kowace mace kaso 1. Kowane kaso miliyan 5 ke nan. Aka yi sulhu cewa babban wa zai riƙe gidan tare da ƙanensa da mahaifiyarsu, ya sayi rabon ƙannensa mata uku a kan miliyan 15.

Ga yadda aka saba rubutawa: "An amince Yaya zai biya ƙannensa haƙƙinsu idan Allah ya hore masa." Wannan jimla ba ta da abin kamawa. Babu adadi, babu rana, babu abin da zai biyo baya idan bai biya ba. Ranar da ƙannen suka dawo kotu, zai ce har yanzu Allah bai hore ba, alƙali kuwa ba shi da ikon ya yanka masa ranar da ba ta cikin takarda.

Abin da ya kamata a gani a rubuce shi ne sunan mai biya da na kowace mai karɓa, adadin kuɗin da lamba da kalmomi, ranar kowane biya idan kashi-kashi ne, da inda za a zuba kuɗin, ko asusun kowace ko ta hannun rajistaran kotu. Sai sharaɗi mafi muhimmanci, wanda aka fi mantawa: me zai faru idan ya saɓa? A rubuta ƙarara, misali, idan kwana 30 suka wuce bayan ranar biya bai biya ba, duk ragowar kuɗin ya hau kansa nan take, kuma za a sayar da gidan a raba kuɗin bisa kason kowa. Idan an sa sayarwa, a faɗi wa zai sayar, wa zai yi wa gidan kuɗi, mafi ƙarancin farashin da za a karɓa, da wanda zai sa hannu a takardun ciniki a madadin duk wanda ya ƙi. Idan babu wannan jimla ta ƙarshe, mutum ɗaya zai iya riƙe cinikin shekara da shekaru ta hanyar ɓoye hannunsa kawai.

Idan kuma raba ginin za a yi, nan ne rubutu ya fi bukatar natsuwa. "Sashen gabas na wane, na yamma na wance" ba ya isa. A kira safiyo ya auna, a zana taswira, a ambace ta a cikin sulhun, kowa ya sa mata hannu. A faɗi makomar zaure, da rijiya, da banɗaki, da mitar wuta, da magudanar ruwa, da hanyar da mai sashen ciki zai bi ya fita titi. Wa zai gina katangar tsakiya, da kuɗin wa, zuwa wace rana? Shagunan da ke jikin gida fa, wa zai karɓi hayarsu daga wane wata, kuma kuɗin da 'yan haya suka riga suka biya gaba yana hannun wa? Yawancin rigimar da ke komawa kotu bayan sulhu a kan waɗannan ƙananan abubuwa take, kuma su ne ainihin abin da alƙali ba zai iya ƙirƙiro muku ba.

Akwai kuma bambanci tsakanin hukuncin da ya bayyana haƙƙi da wanda ya ba da umarni. "Gonar da ke bakin rafi ta Hajiya ce" bayani ne kawai, kuma kotunan Najeriya sun daɗe da tsayawa a kan cewa irin wannan ba a zartar da shi da ƙarfin ma'aikatan kotu. "Wane zai fita daga gonar ya miƙa wa Hajiya ita ranar kaza" shi ne umarni. Kowane haƙƙi da aka ambata, a bi shi da umarni mai suna da rana.

Abin da yardarku ba za ta halatta wa kotu ba

Hadisin da alƙalai suka fi kafa hujja da shi a wannan babi ya ce sulhu ya halatta tsakanin Musulmi, sai dai sulhun da ya halatta haram ko ya haramta halal. Malaman Malikiyya sun ɗora a kai da wata ƙa'ida mai amfani ƙwarai, tana cikin Mukhtasar na Khalil: wanda ya karɓi wani abu dabam a madadin haƙƙinsa, ciniki ya yi ko haya; wanda ya karɓi wani ɓangare ya bar saura, kyauta ya yi. Saboda haka duk sharaɗin ciniki ko na kyauta yana hawa kan sulhun.

Ciniki ba ya inganta a kan abin da ba a sani ba. Idan aka ce wa mace ta karɓi miliyan 3 ta fita daga gadon gaba ɗaya, alhali ba a taɓa lissafa mata gidaje nawa ne, gonaki nawa, shanu nawa, me ke banki ba, ta sayar da abin da ba ta san yawansa ba, kuma ana iya rushe sulhun. Maganinsa a haɗa cikakken jerin dukiyar da ƙimar kowane abu a jikin takardar. Idan akwai tsabar kuɗi ko zinare a cikin dukiyar, ya fi aminci a raba su dabam bisa kason kowa, a bar cinikin ya tsaya a kan gida ko gona kaɗai, don kada a faɗa sayar da kuɗi da kuɗi ba daidai ba. Bashin da ake bin mutane ma ba a raba shi da cewa "kai ka bi wane, ni in bi wane", domin wani zai biya wani ba zai biya ba. Ana karɓowa ne a raba.

Wadda ta ce ta yafe wa 'yan'uwanta rabonta kuwa, kyauta ta yi, kyauta kuma a Malikiyya ba ta cika sai an karɓe ta tun mai bayarwa yana raye da lafiyarsa. Ra'ayinmu a nan shi ne kada a karɓi yafiyar mace a cikin taron maza tana lulluɓe tana jin nauyin yayyenta. A fitar mata da kasonta a faɗa mata adadinsa, alƙali ya tambaye ta ita kaɗai. Yafiyar da aka samu da kunya ita ce ta fi saurin dawowa kotu, sau da yawa ta bakin 'ya'yanta.

Sai waɗanda ba su cikin sulhun. Magajin da yake Kudu ko Saudiyya ba a kira shi ba, matar da mamacin ya saka bai jima ba ya rasu tana cikin iddar sakin kome, mai bin mamacin bashi, bankin da aka jinginar wa takardar gidan, duk hukuncin bai ɗaure su ba. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi kafin a yanke a kan haƙƙinsa. Cewar babban wa "na tsaya wa kowa" ba wakilci ba ne, a nemi takardar wakilci daga kowane baligi. Maraya ƙarami waliyyinsa ko wasiyyinsa ne yake tsaya masa, shi ma ba shi da ikon yafe dukiyar yaron, sai abin da yake maslaha gare shi. Idan kuma matar mamacin tana da ciki, a mazhabar Malik ana dakatar da rabon har ta haihu.

Hurumi ma ba a ba kotu shi da yarjejeniya. Sashe na 277 na kundin tsarin mulkin ya taƙaita Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ga al'amura irin su aure, riƙon yara, waƙafi, kyauta, wasiyya da gado, kuma a shari'ar Magaji da Matari a 2000 Kotun Ƙoli ta ce rigimar mallakar fili tsantsa ba ta cikin huruminta. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, a sashe na 39, ta keɓe wa Babbar Kotun Jiha shari'ar filin da gwamna ya ba da takardar mallakarsa. To idan rigimar ta tashi daga "nawa ne kasona" ta koma "wannan gidan ba na mamacin ba ne tun asali, nawa ne", a tsaya a nemi shawarar lauya a kan kotun da ta dace kafin a sa hannu. Hukuncin kotun da ba ta da hurumi banza ne, ko da kowa ya yi murna da shi ranar da aka yanke.

Dokar Amfani da Ƙasa tana da wani tarko. Sashe na 22 ya ce ba a sayar ko jinginar da filin da ke da takardar gwamna sai da amincewarsa, sashe na 24 kuma ya hana a raba irin wannan takarda gida biyu ko fiye saboda gado sai da izininsa. Alƙali ba zai ba ku wannan izini ba, kuma gwamna ba ya cikin sulhunku. A rubuta wanda zai bi takardun a hukumar filaye, KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja, da wanda zai biya kuɗin.

Idan aka saɓa: matakan zartarwa

Kada kowa ya ɗauki doka a hannunsa. Canja kwaɗo, cire rufi, ko kwaso matasan unguwa a watsar da kayan ɗan'uwa, yana mayar da mai gaskiya wanda ake tuhuma. A shari'ar Gwamnan Legas da Ojukwu a 1986 Kotun Ƙoli ta hana gwamnati kanta irin wannan, balle ɗan gado. 'Yan sanda ma rakiya suke yi wa ma'aikatan kotu, ba su ne masu zartarwa ba.

A fara da rubuta wa wanda ya saɓa takarda, a ambaci sakin layin da ya karya, a ajiye shaidar ya karɓa. Sannan a koma kotun da ta yanke hukuncin da kwafinsa da rasitan duk abin da aka riga aka biya. Kotunan Musulunci da kotunan yanki kowace jiha tana da ƙa'idojinta, rajistara zai faɗi abin da ake cikewa. A Babbar Kotu da kotun majistare kuwa dokar tarayya ta zartar da hukunci ce take aiki, ga kuma iyakokinta.

Idan umarnin na miƙa gida ko gona ne, ana neman takardar karɓe wuri, amma ba ta fita sai ranar da aka sa ta wuce, idan kuma ba a sa rana ba sai bayan kwana 14 da hukunci. Ma'aikacin kotu zai miƙa abin da takarda ta siffanta ne kawai. In ya je ya tarar iyakar ba ta fito ba, komawa zai yi.

Idan kuɗi ne, ana fara kama kayan da ake iya ɗauka, kamar mota ko hajar shago, a yi gwanjonsu. Ba a taɓa gida ko fili sai an nuna wa kotu cewa waɗancan ba su isa ba, ta ba da izini, kamar yadda sashe na 44 na dokar zartar da hukunci ya tanada. Wannan ne dalilin da ya sa muka nace a sa sharaɗin sayar da gida a cikin sulhun tun farko, don ya rage wannan doguwar hanya. Ana kuma iya neman kotu ta riƙe kuɗinsa da ke banki: tana fara ba da umarnin wucin gadi, a kai wa bankin da shi wanda ake bi bashin aƙalla kwana 14 kafin zama, sannan ta tabbatar. In aka kama kayan da wani ya ce nasa ne, misali matar gidan ta ce firjin da gadon na ɗakinta ne, ana dakatar da gwanjo har kotu ta saurare ta.

Ɗauri saboda raina kotu yana nan, amma ba yadda mutane suke zato ba. Sashe na 72 na dokar zartar da hukunci ya shafi umarnin da ba na biyan kuɗi ba, kamar ƙin fita ko ƙin miƙa takardun gida. Dole a kai wa mutumin Fom 48 hannu da hannu tare da kwafin umarnin, yana gargaɗinsa, in ya ci gaba a bi shi da Fom 49 ya zo ya faɗi dalilin da ba za a ɗaure shi ba. Kuskure kaɗan a wajen kai waɗannan takardu yana rushe komai, domin 'yancin mutum ake magana. Wanda ake bi bashin kuɗi kuwa sai an kira shi an binciki ƙarfinsa, an ga yana da hali ya ƙi. A fiƙihu ma wanda talaucinsa ya tabbata jinkiri ake yi masa.

Kada a yi barci a kan hukunci. Bayan shekara 6 ba a fitar da takardar zartarwa a kan dukiya sai da izinin kotu, a kan jikin mutum kuwa shekara 2 ce. Idan dukiyar tana wata jiha, sai an karɓi takardar shaidar hukuncin an yi mata rajista a kotun can.

Mai son a warware sulhun

Nadama ba dalili ba ce. Tashin farashin gida bayan an gina titi a unguwar ma ba dalili ba ne. Malamin Malikiyya Ibn Asim, a littafinsa Tuhfa, ya kai ga cewa sulhun da aka ƙulla ba a warware shi ko da ɓangarorin biyu sun so komawa rigimarsu ta farko, sai dai ya buɗe ƙofa idan wanda ya yi musu ya dawo ya amsa gaskiya. A Babbar Kotu, sashe na 241 na tsarin mulki ya hana ɗaukaka ƙara a kan hukuncin sulhu sai an nemi izini, alƙalin da ya yanke kuma ba zai sake zama a kansa ba, in ban da gyaran tuntuɓen alƙalami, kamar lambar fili da aka juya ko lissafin da aka tara ba daidai ba.

Abin da ake saurara shi ne zamba, ɓoye wata dukiya, tilas, kuskuren da ya shafi tushen yarjejeniyar, ko wakilin da ya wuce iyakar da aka ba shi. A shari'ar Vulcan Gases a 2001 Kotun Ƙoli ta amince da rushe hukuncin sulhun da lauya ya ƙulla saɓanin umarnin wanda yake karewa. Amma kada wannan ya ruɗi kowa, domin a bisa al'ada kotu tana ɗaukar lauya a matsayin mai ikon sasantawa a madadin wanda ya ɗauke shi, saboda haka duk iyakar da za ka sa wa lauyanka ka sa ta a rubuce. Hanyar da aka fi bi ita ce sabuwar ƙara ta neman a soke hukuncin, da hujjoji dalla-dalla. Shigar da ita kaɗai ba ya tsayar da zartarwa, sai an nemi umarnin dakatarwa dabam.

Idan kuwa wata dukiya ce ta ɓullo daga baya ba tare da an ɓoye ta ba, kamar fili a wani gari ko kuɗin fansho, ba sai an taɓa sulhun farko ba. Tun da bai ambace ta ba, bai shafe ta ba, sai a kai ta kotu a raba ta bisa kason kowa. Layi ɗaya a cikin takardar farko, cewa sulhun ya tsaya a kan abin da aka lissafa kaɗai kuma duk abin da ya bayyana daga baya za a raba shi bisa gado, yana hana wani ya tashi ya ce 'yan'uwansa mata sun riga sun fita daga komai.